Masu Shaƙar Ƙura Jiya, Masu Musun Doka Yau

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a ɗakunan malamai da tarurrukan ƙungiyoyin raya al'adu, tun daga Madawa har Buza da Keita. Ƙorafin kuwa shi ne, wai samarinmu sun samo sabuwar hanyar kashe lokaci: su zauna a fada, shayi na tafasa, waya na hannu, su raba dare suna musu a kan tseren motocin nan da ake kira Formule 1. Wannan ya ce tawagar Ferrari ta yi wauta da ta kira direbanta canjin taya da wuri, wancan ya ce ai direban ne ya cika baki, wani kuma ya rantse cewa alƙalai ne suka karya dokar da suka rubuta da hannunsu. Masu ƙorafin suna tambaya: yaron da ko keke bai mallaka ba, me ya haɗa shi da motar da kuɗin tayoyinta kaɗai ya isa ya ciyar da gidansu watanni? Suna cewa ɓacewar basira ce, kuma sabon salon bautar Nasara ne, a daidai lokacin da ƙasa ke neman tsayawa da ƙafafunta.

A matsayina na malamin Faransanci da Hausa, ina ganin wannan ƙorafi ba ya da tushe. Tseren motoci yana da illoli, zan kuma zo kansu. Amma musun da yaran nan ke yi ya ƙunshi lissafi da karatun doka da auna magana, wato abubuwan da muke shan wahalar cusa musu a aji shekara da shekaru. Malamin da ya tarar da wuta na ci, ya zuba mata ruwa maimakon ya ɗora tukunya, bai san aikinsa ba. Gaskiya ne masu wannan musu ba su da yawa in an gwada su da masoya ƙwallo ko kokowa, sai dai rainin da ake yi musu yana nuna wata cuta da ta fi su girma, wato ɗaukar al'ada tamkar rumbun da aka rufe, ba a zuba sabon hatsi, ba a kuma ɗiba.

Lokacin da muke bakin hanya

Kafin a zargi yaran yau, ya kamata a tuna inda iyayensu suka tsaya a wannan sha'ani. Tseren motoci ba baƙo ba ne a Nijar, domin ƙasarmu ta yi shekaru kusan 20 tana zama filinsa. A 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata a kan babur cikin hamadar iyakar Nijar da Libiya. Da aka ceto shi sai ya koma gida da ƙudurin kawo jama'a su ga abin da ya gani. Daga nan aka haifi tseren Pari-Dakar, wanda ya tashi karo na farko ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa Aljeriya, ya biyo ta Agadas da Yamai kafin ya shiga Mali. Tenere ce ta zama kwalliyar tseren, har ma da Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali cikin Janairun 1986, a gindin wani icce na Tenere aka watsa tokarsa. A 1989 ayarin ya kwana a Tawa, a kan hanyarsa daga Agadas zuwa Yamai.

To, mene ne rabonmu a cikin wannan duka? Ƙura da ɗaga hannu. Shekarun nan su ne na bayan yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari. Su ne shekarun da matan Keita ke ɗaukar duwatsu a ka suna tare zaizayar ƙasa a ƙarƙashin aikin raya karkarar da aka buɗe a 1984 da taimakon Italiya, ana biyan su da abinci. A daidai wannan lokaci motoci masu shan mai kamar rijiya suna wucewa ta ƙasarsu a guje, ƴan jarida na ɗaukar hoton raƙuma da yara marasa takalmi domin ƙawata labari. Masanin noman nan René Dumont ya kwatanta abin da ƴan shagali da suka shiga gidan matalauci suka baje liyafa ba tare da sun ce masa bismilla ba, kuma bai yi ƙarya ba. An gina wasu fanfunan ruwa, Agadas ta ga masu yawon buɗe ido, amma an kuma take mutane a ƙauyukan da tseren ya ratsa, kamar yarinyar nan ƴar shekara 10 da mota ta kashe a garin Kita na Mali a 1988.

Ga wani abu da ya faru a tseren 1989 ɗin nan da ya kwana a Tawa. Direbobi biyu na kamfanin Peugeot, Jacky Ickx da Ari Vatanen, sun yi wa kowa fintinkau, suka koma yaƙar juna har ana tsoron su farfasa motocin. Da aka isa Gao sai shugaban tawagar, Jean Todt, ya ciro ƙwandala ta faran 10 ya wurga sama, ta faɗo a gefen Vatanen, aka umarci Ickx ya bar masa hanya. Jaridun Turai suka yi ta ka-ce-na-ce a kan ko wannan adalci ne. A Adar kuwa, wadda motocin suka turnuƙe da ƙura kwanaki kaɗan kafin nan, ba wanda aka tambaya, ba kuma wanda ya san akwai abin tambaya. A shekarar 2000 aka kwashe tseren ta jirgin sama daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya saboda barazanar hari, a 2008 aka soke shi baki ɗaya, a 2009 ya koma Kudancin Amurka, a 2020 ya sauka a Saudiyya. Ya tafi bai bar mana ko kalma ɗaya ta sana'arsa ba.

Wannan shi ne abin da ya cancanci a kira bauta: a yi wasa a tsakar gidanka, kai kana matsayin bango. Yaron Buza da ke cewa a yau alƙalin tsere ya saɓa wa sashe kaza na doka, ya tashi daga bakin hanya ya hau kujerar mai hukunci. Wanda bai ga bambancin nan ba, ban san abin da zai gani ba.

Dabarar zango

Bari mu duba abin da suke musun a kai, domin yawancin masu sukar ba su taɓa tsayawa sun saurara ba. Tseren Formule 1 tafiya ce ta kimanin kilomita 305 a kan da'ira, ana zagaye 44 zuwa 78 bisa tsawon fili. Tun 2010 an hana ƙara mai a tsakiyar tsere, saboda haka abin da ake tsayawa dominsa shi ne taya. Kamfani ɗaya ne, Pirelli, ke ba kowa tayoyi tun 2011, kuma in ba a ruwa, doka ta tilasta wa kowane direba ya yi aiki da iri biyu aƙalla. Taya mai laushi tana kama ƙasa, tana gudu, amma ba ta jimawa. Mai tauri tana jurewa, amma tana ja da baya. Canjin kansa ba ya wuce daƙiƙa 2 zuwa 3, domin kanikawa wajen 20 ne ke rufar wa motar a lokaci ɗaya, kowa da abin da yake riƙe; ƴan McLaren sun taɓa yin sa cikin ƙasa da daƙiƙa 2 a Katar a 2023. Sai dai shiga layin rumfunan gyara da fita daga cikinsa, inda aka ƙayyade gudu a kilomita 80 cikin awa a yawancin filaye, yana cin daƙiƙa 20 zuwa 25.

Daga nan lissafi ya tashi. In sabuwar taya tana ba ka ribar daƙiƙa 1 a kowane zagaye, tsayawa kuma ta ci maka 22, sai in saura ya haura zagaye 22 ne tsayawar za ta biya kanta. In kana bin wani a baya ka kasa wuce shi, kana iya riga shi tsayawa, ka yi gudu da sabbin tayoyi yayin da yake fama da tsofaffi, in ya tsaya daga baya ya fito ya tarar da kai a gaba. Hausawa sun daɗe da faɗin wannan dabara: wanda ya riga ka kwanciya zai riga ka tashi. In kuma haɗari ya faru aka fito da motar da ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu, tsayawa takan yi araha, domin abokan hamayya suna tafiyar hawainiya a lokacin da kake canji.

Abin da ya faru a Beljiyam a watan Yulin 2024 ya isa darasin mako guda. George Russell na Mercedes ya tsaya sau ɗaya tak, a zagaye na 10 cikin 44, alhali manyan abokan karawarsa sun tsaya sau biyu. Ya lallaɓa tayoyi masu tauri har zagaye 34, ya zo na ɗaya. Da aka ɗora motarsa a sikeli sai aka tarar ta gaza nauyin da doka ta ƙayyade, wato kilo 798, da kilo 1 da rabi, aka ƙwace nasarar aka ba Lewis Hamilton. Cikin dalilan da tawagar ta kawo har da cinyewar robar tayoyin saboda doguwar tafiya. Ke nan dabarar da ta ba shi nasara tana cikin abubuwan da suka raba shi da ita. Yaron da zai iya warware wannan ƙulli, ya kawo hujjar masu cewa an kyauta da ta masu cewa an yi ganganci, sannan ya yanke nasa hukunci, ya riga ya san ƙashin bayan rubutun muhawarar da ake tambayarsa a jarrabawar BAC.

Kuma wannan tunani ba na Turawa ba ne su kaɗai. Madugun ayarin gishiri, irin na Abzinawan Kel Geres na yankin Madawa da ke zuwa Fashi da Bilma, da me ya fi sauran matafiya? Ba da gudun raƙumi ba ne. Shi ne ya san rijiyar da za a tsaya da wadda za a wuce, ya san yawan harawar da za a ɗauka da inda za a ajiye ta domin dawowa, ya san ranar da gaggawa za ta kashe dabba. Direban da ya ɗauko albasar kwarin Tarka zuwa bakin teku, wanda ya san kowace awa ta jinkiri ruɓa ce, kowane gudun wuce kima kuma fashewar taya ne, lissafin nan yake yi. Mun gaji ilimin zango tun kafin a ƙera inji.

Kalma ɗaya ta raba gardama

Ga malaman harshe kuwa, ba misalin da ya kai na Abu Dabi, ranar 12 ga Disamba 2021. Hamilton da Max Verstappen sun iso tseren ƙarshe na shekara da maki ɗaya, 369 da rabi kowanne. Hamilton na gaba da tazara mai yawa, saura zagaye kaɗan, sai Nicholas Latifi ya daki bango, aka fito da motar rage gudu. Red Bull ta kira Verstappen ya sa tayoyi masu laushi. Mercedes ta bar Hamilton a kan tsofaffi, domin in ya tsaya zai rasa gaba, kuma bisa yadda aka saba aiki da doka ana iya ƙare tseren a bayan motar rage gudu. Tsakanin su biyun akwai motoci 5 da aka riga aka zagaye. Doka ta ce motocin da aka zagaye su wuce su koma bayan layi, sannan motar rage gudu ta ƙara zagaye ɗaya kafin a saki tsere. Daraktan tseren, Michael Masi, ya ba waɗannan 5 kaɗai izinin wucewa, ya bar wasu 3, ya kuma saki tseren ba tare da ƙarin zagayen ba. Verstappen mai sabbin tayoyi ya wuce Hamilton a zagayen ƙarshe ya zama zakaran duniya.

Da Mercedes ta kai ƙara, ɗaya daga cikin hujjojin Red Bull ita ce kalmar Ingilishin da ke cikin dokar ba ta nufin «dukkan» motocin, tana iya ɗaukar ma'anar «waɗanda aka ga dama daga cikinsu». Aka kori ƙarar. Amma a farkon 2022 hukumar FIA ta sauke Masi daga muƙaminsa, rahotonta ya amsa cewa an yi kuskuren ɗan Adam, aka kuma goge kalmar mai harshen damo aka rubuta wadda ke nufin «dukkansu» ƙarara. Kambun duniya da dukiya mai ɗimbin yawa sun rataya a kan kalma guda.

Shekara nawa muke gaya wa ɗalibai cewa akwai bambanci tsakanin «kowane» da «wani», tsakanin «dole» da «ana iya», suna hamma? Ga shi sun gano da kansu, a fada, ba tare da alli ba. Ɗan ƙasar da ya koyi cewa mai riƙe da doka ma doka na hawa kansa, cewa ba a canja ƙa'ida a tsakiyar wasa, cewa hukuma na iya amsa kuskure ta gyara rubutunta, shi ne gobe zai karanta takardar sayen gona kafin ya dangwala yatsa, shi ne zai tambayi dalili in an ce ya biya tara ba rasit.

Baki shi ke yanka wuya

Kashi na uku na musunsu shi ne maganganun direbobi. Ana watsa ɗan guntun abin da direba ya faɗa wa tawagarsa ta rediyo, sai a yi ta juya shi: raini ne ko gajiya ce, gaskiya ya faɗa ko neman wanda zai ɗora wa laifi yake? A Satumban 2024 a Singafo, Verstappen ya yi ashar a taron ƴan jarida yana kwatanta motarsa, FIA ta yanke masa hukuncin aikin taimakon jama'a, wanda ya je ya yi a Kigali ta Ruwanda a watan Disamba. Masoya suka rabu biyu. Wasu suka ce babba ne, yara na kallonsa, dole ya iya bakinsa. Wasu suka ce hukuma ta bar manyan matsaloli ta koma farautar kalmomi. Wannan musu ne a kan ladabi da iko, kuma in aka bi shi da kyau yana koyar da tambayoyin da muke koyarwa a nazarin matani: wa ke magana, da wa yake yi, a wane hali, wa ya yanko maganar, me ya bari a baya?

Masu cewa wannan duka baƙon abu ne su waiwayi kokowa. Kokowar gargajiya wasan kaka ce ta dandalin ƙauye, ba agogo, ba takarda. A 1975, a nan Tawa, aka shirya gasar ƙasa ta farko, Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Tun daga lokacin aka shigo da alƙali mai usur, da ƙayyade minti, da gargaɗi, da rubutacciyar ƙa'idar abin da ake kira kaye. Yau duk Nijar, in lokacin takobi ya zo, ba abin da ake yi sai musu: gwiwa ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba, alƙali ya yi son kai ko bai yi ba, kirarin wane jarunta ne ko rashin kunya. Ba wanda ya ce doka ta kashe kokowa, kowa ya shaida ita ce ta ɗaga ta daga dandali zuwa fagen ƙasa. Dattijon da ya kwana yana musun kaye ba ya da bakin zargin ɗansa da ya kwana yana musun taya.

Inda yaran suka yi barci

Wannan kariya da nake yi musu tana da iyaka. Formule 1 wasan masu kuɗi ne, rabon Afirka da ganin tserensa tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993, kuma ba laifi ba ne a tuna wa yaro cewa masu wasan ba su san da zamansa ba. Amma babban laifin masoyan namu wani ne daban: sun haddace dokar fili, sun watsar da dokar hanya. Saurayin da ya gama bayanin dalilin da ya sa aka hukunta direba saboda ya wuce kilomita 80 a layin gyara, shi ne zai hau babur ba hular kwano, ya ɗauki mutum biyu a baya, ya keta kasuwar Madawa kamar an koro shi. Shi ne ran rakiyar amarya zai ɗaga ƙafar gaba yana neman tafi. Ya ɗauki gudu, ya bar abin da ya sa masu gudun ke komawa gida da rai.

Dokokin tseren nan da jini aka rubuta su. A Imola ta Italiya a 1994, Roland Ratzenberger ya mutu ranar Asabar, Ayrton Senna ya bi shi ranar Lahadi 1 ga Mayu. Bayan nan ne aka sa wani allo a ƙarƙashin kowace mota domin hana ta manne wa ƙasa fiye da kima. Kaurinsa milimita 10, kuma bisa dokar wancan lokaci in ya cinye ya gaza 9 an kore ka, kamar yadda aka yi wa Hamilton da Charles Leclerc a Amurka a 2023. Jules Bianchi ya yi haɗari a Japan a 2014 ya rasu a 2015. A 2018 aka tilasta sa wani bakan ƙarfe a saman kan direba, manyan direbobi da yawa suka ce ya ɓata kyan mota. A Nuwamban 2020 a Baharen motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama wuta, ya fito da ƙuna a hannu, ya kuma faɗa da bakinsa cewa bakan da ya ƙi a da shi ne ya cece shi. Mutumin da ke gudun kilomita 300 cikin awa ba ya taɓa mota sai da hular kwano da ɗamara da rigar da wuta ba ta ci, likita na jira a gefe, kowa na tafiya fuska ɗaya, ba jaki, ba amalanke, ba yaro mai tallar goro.

Mu kuwa hanyar da ta taso daga Ƙonni ta ratsa Galmi da Madawa ta nufi Maraɗi, da wadda ta haura Buza da Keita zuwa Tawa, kowa ya san abin da ke bisansu: manyan motocin albasa, motocin kasuwa da aka yi wa lodi har sama da mutane a kan kaya, tayoyin gwanjo da suka sule kamar tafin hannu, ƴan kabu-kabu, garken dabbobi, ramuka, da kwazazzaban da ruwa ke yankewa da damina. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma in an gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Hukumar ta ce hular kwano mai kyau tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6. Lissafin aji ma ya isa: mai gudun kilomita 90 yana cin mita 25 a kowace daƙiƙa kafin ƙafarsa ta kai ga birki, kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata tana ninka huɗu. Abin lura, Jean Todt ɗin nan mai ƙwandalar Gao, bayan ya jagoranci Ferrari ya kuma shugabanci FIA daga 2009 zuwa 2021, tun 2015 aka naɗa shi manzon Majalisar Ɗinkin Duniya kan kiyaye haɗurran hanya. Wanda ya fi kowa sanin gudu ya ƙare da wa'azin birki.

Wa zai haɗa wa yaro waɗannan abubuwa biyu, fili da hanya, in malaminsa ya riga ya yanke cewa zancen banza ne? Raini ba ya sa hular kwano a kan kowa. Amma saurayin da aka ce masa, cikin harshen abin da yake so, «gwaninka ba ya hawa sai da ita, kai wane ne?», akwai alamar ya ji.

Aikin da ke jiranmu

Saura batun harshe, wanda shi ne ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. In ka saurari musun nan za ka ji rabinsa Faransanci ne da aka tauna, da ɗan Ingilishi da aka tsinto, Hausa kuwa sai haɗa jimla. Masu ƙorafi suna ɗaukar wannan a matsayin hujjarsu, alhali hujja ce a kansu. Tun 1973 aka buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida a ƙasar nan, a 2001 doka ta jera harsunan ƙasa, a Maris 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ba wannan matsayi ba zai tsaya ga tatsuniya da karin magana da waƙar biki ba. Dole ya iya bayanin inji, da nauyi, da saurin iska, da sashen doka. In ya kasa ɗaukar hirar da matasa ke so, matasa za su ajiye shi a ƙofar fada kamar takalmi.

Kalmomin kuwa suna nan. Tsayawar canjin taya «zango» ce, tsarin tsayawar «dabarar zango», injiniyan da ke yanke shawara «madugu», motar da ke shiga gaba ta rage gudu «jagaba», riga abokin hamayya tsayawa «sammako». Ban ce dole a karɓi waɗannan ba. A yi musu a kansu, wanda ya fi dacewa ya zauna. Kanikawan tashar Madawa da direbobin Tamaske suna da ɗaruruwan kalmomin inji da suka Hausantar da kansu, ba wanda ya taɓa zama ya rubuta su. Ƙungiyar al'adun da ke neman aikin yi, ga shi nan: ta tattara su, ta tace, ta buga ɗan ƙamus. Malamin lissafi ya ba da matsalar zango a aji, malamin Hausa ya sa a rubuta ƙarar Abu Dabi da martaninta, malamin Faransanci ya sa a fassara sashen doka ɗaya zuwa Hausa a ga inda ma'ana ke zamewa. Gidajen rediyon karkara su gayyato masoyan tsere da ƴan kabu-kabu da jandarma a zaure ɗaya, a tashi daga tayar Russell a sauka a kan tayar motar kasuwar Bangi.

Ya ku abokan aiki, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a tanƙwara iccen da aka juya wa baya. Yaran nan sun kawo mana son sani a kan faranti, abin da kowane malami ke roƙo bai samu ba. Su kuma samarin, in har da gaske suke ƙaunar wannan wasa, su nuna a kan hanya, domin mai musun milimita 1 a allon motar Hamilton ba ya da uzurin hawa babur da birkin da ya san ba ya kamawa.